Gwamnati da Manyan 'Yan Kasuwa: Wa Ke Jan Wa?

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Bashir da Nura. Malam, littattafan koyar da shugabanci duk magana suke a kan shugaba da mabiyansa. To idan shugaban ƙasa ya zauna da mai kamfanin da ke ɗauke da ma'aikata dubu ɗari, wane ne mabiyi a cikinsu?

MALAM BASHIR: Wa'alaikumus salam. Ai nan gizo ke saƙar, Hadiza. Ɗaya yana da doka da haraji da lasisi, ɗaya kuma yana da jari, ya ga dama ya kwashe shi ya kai wata ƙasa. Ba wanda zai iya korar wani daga aiki. Amma duk da haka ra'ayin masanin shugabanci James MacGregor Burns na 1978 yana da amfani a nan. Ya kasa shugabanci gida biyu: na ba ni gishiri in ba ka manda, da kuma wanda ke sauya tunanin mutane har su sa buri babba a gaban riba.

NURA: Kuma kowa na biyun yake yabo.

MALAM BASHIR: Kowa! Ni kuwa a wannan fagen na farkon na fi yarda da shi, muddin sharaɗin a fili yake. Ku dubi Koriya ta Kudu. Park Chung-hee ya ƙwace mulki a 1961, ya sa aka kama manyan 'yan kasuwa bisa zargin tara dukiya ta haramtacciyar hanya. Daga baya ya sake su, suka yi alkawarin gina masana'antu. Bankuna suna hannun gwamnati, saboda haka rance mai sauƙi yana zuwa ne ga wanda ya sayar da kayansa a ƙasashen waje. Duk wata Park da kansa yake jagorantar taron duba fitar da kaya, ministoci da masu kamfanoni suna zaune, ana bin lissafi. A 1964 abin da suka fitar ya kai dala miliyan 100. A 1977 ya kai biliyan 10.

NURA: Malam, a yi min afuwa, amma wannan ai mulkin soja ne. Mutumin da aka fito da shi daga kurkuku ba ciniki yake yi ba, biyayya yake yi. Ma'aikata kuma an danne su, ba su da bakin magana.

MALAM BASHIR: Gaskiyarka, ban wanke shi ba. Abin da nake nunawa shi ne awo. Gwamnatoci da yawa sun raba wa 'yan kasuwa tallafi da kariya daga kayan waje, ba su taɓa tambayar me aka samar ba. A can ana tambaya, kuma kasuwar duniya ce alƙali, ba za ka ba ta cin hanci ta sayi jirgin ruwan da ke yoyo ba.

HADIZA: Sai dai su ma abin ya ci su daga baya. Kamfanonin suka yi girman da gwamnati ke tsoron faɗuwarsu, suka yi ta cin bashi. Rikicin kuɗi ya zo a 1997, Daewoo, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar, ya durƙushe a 1999.

NURA: Ni wanda ya fi kama hankalina shi ne nazarin George Graen da abokan aikinsa a shekarun 1970. Sun lura cewa shugaba ba ya mu'amala da mutanensa bai ɗaya. Akwai 'yan gaban goshi da yake shawara da su, akwai sauran da sai aiki kawai ke haɗa su. A cikin ofis wannan ba lallai ya zama ɓarna ba. Amma a kai shi fadar shugaban ƙasa mu gani.

HADIZA: Afirka ta Kudu ke nan.

NURA: Ita fa, Yaya Hadiza. Kusancin iyalan Gupta, wasu manyan 'yan kasuwa, da shugaban ƙasar na lokacin Jacob Zuma ya kai ga zargin cewa suna da ta cewa a naɗin ministoci da kwangilolin Eskom da Transnet, kamfanonin gwamnati na lantarki da na sufuri. A Disambar 2015 aka cire ministan kuɗi Nhlanhla Nene, wanda aka ɗora bai wuce kwana 4 ba saboda yadda kuɗin ƙasar ya faɗi. Hukumar mai shari'a Zondo da ta binciki zargin ta fara aiki a 2018, sai 2022 ta miƙa rahotonta na ƙarshe.

MALAM BASHIR: Amma kada masu sauraro su ɗauka nesanta kai ne magani. Minista da bai san yadda ake shigo da injin ko yadda banki ke ba da rance ba, dokar da zai rubuta sai ta kashe masana'anta. Masanin zamantakewa Peter Evans ya yi bayanin wannan a 1995: jami'in gwamnati ya shiga cikin 'yan kasuwa sosai ya san matsalarsu, amma albashinsa da ƙarin girmansa su kasance ba a hannunsu suke ba.

HADIZA: To ɗaya ɓangaren fa? Ɗan kasuwan da ya ɗauka shi ne shugaba?

NURA: Jack Ma, attajirin ƙasar Sin. A Oktoban 2020 ya soki masu sa ido kan bankunan Sin a wani taro a Shanghai. Cikin Nuwamba aka dakatar da sayar da hannun jarin Ant Group, kamfaninsa na hada-hadar kuɗi, ana saura kwanaki kaɗan a fara.

MALAM BASHIR: Masanin zamantakewa Max Weber zai ce kwarjini ne ya yi karo da ikon hukuma. Sai dai inda kotu ba ta iya taka wa gwamnati burki, ɗan kasuwa ba ya sanin iyakarsa sai ya tsallake ta. Mikhail Khodorkovsky na kamfanin mai na Yukos ya gane haka a Rasha a 2003, lokacin da aka kama shi.

HADIZA: Nura yana ɗaga hannu, amma lokaci ya ci mu. A riƙe maganar kotun, da ita za mu buɗe shiri na gaba. Mu kwana nan.