Jawabin maraba ga mai girma Kwamishinan Muhalli, daga mutanen bakin kududdufi

Bismillahir rahmanir rahim. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe mai girma Kwamishina, da tawagarka, da mai unguwa da limamai da iyayenmu mata, barkanku da zuwa. Yallaɓai aikinka ba ɓoyayye bane, kowa na gani, kuma yadda ka sauko daga mota ka tako da ƙafarka har bakin bola ko hanci baka toshe ba ya ishe mu shaida. Mun gode Allah ya ƙara girma.

Babbar buƙatarmu guda ɗaya ce kuma gara mu faɗe ta tun yanzu, a tare mana baƙin ruwan da yake tsatsowa daga bolar nan kafin damina ta sauka.

Wannan ramin da kake gani ba haka yake ba da. Kakanninmu sun gaya mana daga nan aka haƙi ƙasar ginin gidajen unguwar nan har da ta gyaran ganuwar Kano, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Ramin ya zama kududdufi yana shanye ruwan sama baya bari ya shigo mana gida, a nan dattawan da ke zaune gabanka suka koyi iyo, suna kama tarwaɗa. Sai aka wayi gari tifa tana zuwa da dare tana juye sharar unguwannin da ko saninsu bamu yi ba, ba wanda ya tambaye mu, mun rubuta takarda mun sake rubutawa an zo an ɗauki hoto an tafi, shiru kake ji.

Da shara toka ce da kashin dabbobi, manoma har rububinta suke su kai gona. Yanzu leda ce da ledar fiya wata da robar lemo da takeaway da famfas ɗin yara. Roba kuwa bata ruɓewa, rana ce take gasa ta har ta yi rauni, ka ɗauki tsohuwar leda a saman bolar can ka murza zaka ga ta marmashe a hannunka kamar busasshen ganye. Wannan ɓurɓushin, duk wanda bai kai milimita 5 ba, shi masana suke kira maikurofilastik, wani ma ido baya ganinsa. Ruwan sama in ya ratsa tulin sai ya kwaso shi haɗe da dattin batir da ragowar magunguna ya fito baƙi ƙirin yana wari, rabi ya nutse ƙasa inda rijiyoyinmu suke, rabi ya bi lambatu ya faɗa kogin Jakara, Jakarar da ake ban ruwan latas da kabeji da ita har zuwa dam ɗin Wasai. Kaga abin ya wuce unguwarmu, kwanon kowa yake komawa. A 2022 masu bincike a ƙasar Holan sun duba jinin mutum 22 suka sami ɓurɓushin roba a jinin 17. To ina ga mu da muke kwana muna tashi da ita, yaranmu suna tsallaka ruwan ba takalmi in zasu islamiyya?

Yaranmu da suka yi karatun injiniya sun zauna da mu, sunce maganin sananne ne. A yi magudanar siminti ta zagaye bolar ta tattara ruwan wuri ɗaya, a haƙa tafki a daɓe ƙasansa da yumɓu a shimfiɗa roba mai kauri yadda ba zai yoyo ba, a zuba alam irin wanda ake sawa a matatar ruwa, dattin da ɓurɓushin su dunƙule su kwanta, sannan ruwan ya ratsa yashi da tsakuwa da gawayi kafin a sake shi. Amma sun ja kunnenmu sosai akan lakar da zata kwanta, don a cikinta robar take taruwa, in aka kwashe aka watsar a fili ko aka baiwa manoma a matsayin taki an koma gidan jiya, dole a binne ta a rami mai shimfiɗa.

Akwai sauran buƙatu, a hana tifofin dare, a taimaki 'yan jari bola da safar hannu da takalmi tunda su suke rage mana roba, a kuma duba zancen leda kamar yadda Ruwanda ta hana ta a 2008 Kenya a 2017. Duk waɗannan zasu iya jira. Magudana da tafkin ne ba zasu jira ba yallaɓai, in ruwan Agusta ya same mu a haka wallahi cikin ɗakunanmu baƙin ruwan nan zai kwana kamar bara.

Ga kwalabe biyu nan mun ajiye a gabanka, ɗaya daga gindin bola muka ɗebo, ɗaya daga rijiyar masallaci. Dan Allah a tafi da su a auna, a dawo mana da sakamakon a rubuce, kuma a turo injiniyoyi su auna filin tafkin a cikin watan nan, matasanmu sun ce haƙa da ɗaukar yashi a bar musu.

Allah ya maida ka gida lafiya.

A madadin kwamitin tarbar baƙi na unguwa.