Filato da Faranti: Ashe Kakansu Ɗaya

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi farantin da aka zuba muku shinkafa jiya da dare. To, shi da sunan Jihar Filato dangin juna ne. Ku biyo ni ku ji.

A Turanci, plateau na nufin tudu mai faɗin kai: ƙasar da ta tashi sama sosai, amma in ka hau sai ka tarar da shimfiɗaɗɗen fili. Duk wanda ya taɓa shiga Jos ta Hawan Kibo ya san abin da nake faɗa. Mota na ta nishi, kunne na toshewa, kana gama hawan kuma sai ga sarari iya ganinka.

Su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Faransanci, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Shi ya sa rubutun ke rikita ɗalibai: haruffa uku a ƙarshe, e da a da u, amma "o" kawai ake furtawa. Tushenta plat, wato abu mai shimfiɗa. Har gobe Bafaranshe in ya ce plateau, yana iya nufin tiren da ake jera kofunan shayi a kai. Wanda ya fara kallon tudu ya ce wannan ai tire ne, gaskiya yana da ido.

Daga wannan plat ɗin Turanci ya samu plate. Da ta iso bakin Bahaushe, wanda ba ya son harafin p, ba ya kuma son baƙaƙe biyu su haɗu babu wasali a tsakani, sai ta zama faranti. Plateau ma haka aka yi mata, ta koma Filato.

Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,280 daga saman teku, duwatsun Shere kuwa sun haura 1,800. Wannan tsawon ne ya kawo sanyin Jos, da dankalin Turawan da ake loda wa manyan motoci. Sunan tudun kuma shi aka ba jihar a 1976, zamanin Janar Murtala, da aka raba Binuwai-Filato.

'Yan'uwa na Nijar, ku ma ba a bar ku ba: a Yamai akwai unguwar Plateau, tana nan a kan tudu, kogin Kwara na ƙasanta.