Harsashi Mai Tsinke da Bindiga Mai Baki Biyu: Lacca Daga Faifan Naɗi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da taga ya ɗan tura ta, iska na ɗauke mini takardu.

Abubuwa huɗu na zo da su a kan wata tsohuwar bindigar Turai mai baki biyu: wanda ya ƙirƙiro ta, yadda harsashinta yake, yadda masu riƙe da ita a yau suke sake cika harsashin, sannan doka.

Na farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan Sallah ya san yadda ake ɗura ta gargajiya: ta baki, a zuba albarushi, a tura tsumma, a danna da sanda. Maharbanmu ba banza suka sa wa irinta suna harba-ka-ruga ba. Turawa ma haka suka yi ta fama shekaru aru-aru. Sai wani maƙerin bindiga a birnin Paris na Faransa, Casimir Lefaucheux, wanda aka haifa a 1802 ya rasu a 1852, ya ƙera bindigar da ake karya ta a tsakiya a sa harsashi ta baya. A 1835 ya yi rajistar harsashi mai tsinke da muke magana a kai. A 1846 wani maƙerin, Houllier, ya gyara gindin harsashin ya ƙara masa ƙwari. Da aka yi babban baje koli na Landan a 1851 aka nuna bindigar, maƙeran Ingila suka gani, Joseph Lang ya shiga ƙera irinta, sauran suka biyo baya. Ɗan Lefaucheux ɗin, Eugène, shi ya yi ƙaramar bindigar hannu mai juyawa da sojojin ruwan Faransa suka ɗauka a 1858, har ta shiga yaƙin basasar Amurka. Wannan wani zance ne, mu bar shi.

Harsashin kuwa, ku dubi hoton nan. Kwanso ne, na takarda mai gindin tagulla ko na tagulla zalla. A cikin gindin akwai 'yar hular da ke tayar da wuta. Daga gefe kuma wani ɗan tsinken ƙarfe ya leƙo waje, kamar ƙaya. In an sa harsashi, tsinken nan yana zama cikin wani ɗan tsagi a saman bututu. Ka ja kunama, guduma ta faɗo daga sama ta buga tsinke, tsinke ya buga hula, wuta ta kama albarushi. Shi ke nan. Amfaninsa, da ido za ka san bindiga na ɗure, ga tsinke a tsaye. Illarsa, in harsashi ya faɗi a kan dutse ta wajen tsinken yana iya tashi, kuma cikin duhu sai ka laluba ka daidaita shi da tsagin kafin bindiga ta rufu. Shi ya sa da wani maƙerin Landan, George Daw, ya kawo harsashi mai hula a tsakiyar gindi Ingila a 1861, irin wanda muka sani yau, kasuwar mai tsinke ta fara ja da baya. Zamaninta a Ingila bai cika shekara ashirin ba.

Yanzu ga inda zuciyata take. Ku gyara zama.

Mai baki biyu iri biyu ce. Akwai ta harbin tsuntsu, mai watsa ƙananan dalma, cikin bututunta sumul. Akwai kuma wadda aka yi wa zanen murɗe a ciki domin ta juya ƙwayar dalma guda ta tafi sak, wadda Turawa suke ɗauka farautar barewa a Sikotilan ko manyan namun daji a Indiya. Wannan ta biyun nake nufi. Tambayar ita ce: bututu biyu gefe da gefe, wurin saiti ɗaya, yaya za a yi su biyun su sami wuri guda?

Mutum zai ce, ai sai a jera su daidai wa daida. Ba ya yi. Wallahi ba ya yi. Bututun dama ba a tsakiyar bindiga yake ba, yana gefe. In ka harba shi, bindiga na zabura baya kuma ta ɗan karkata dama, alhali ƙwayar tana ciki ba ta fita ba tukuna. Na hagu ya karkata hagu. Saboda haka maƙeri yake sa bakunan su ɗan rusuna wa juna, kaɗan ƙwarai, ido ba ya gani. Nawa ne kaɗan ɗin? Babu alƙalamin da zai ba ka, sai hannu. Ya liƙe bututun biyu da narkakkiyar dalma, ya je fili ya harba dama, ya harba hagu, ya duba allo. Ba su haɗu ba? Ya dawo ya ɗumama, ya motsa ɗan ƙarfen da ke tsakaninsu, ya sake liƙewa, ya koma fili. Ya dawo, ya koma. Ya dawo, ya koma. Har sai ramuka biyu sun zauna kusa da juna a nisan da aka nufa. Tela ma in ya ɗinka riga sau ɗaya yake gwada ta a jikin mai ita, in ya yi yawa sau biyu. Akwai tela a nan? Ga shi can yana dariya, Allah ya ƙara kasuwa.

To ku lura da kyau. Duk wannan wahala da nauyin dalma guda da awon albarushi guda aka yi ta. Bindigar an ɗaura mata aure da harsashi ɗaya ke nan. In ka sa mata ƙwaya mai gudu fiye da wadda ta saba, ƙwayar za ta fice kafin bindiga ta gama karkata, sai harbin dama ya faɗa hagu, na hagu ya faɗa dama, su gitta. In mai nauyin jiki ce, mai jinkiri, sai su ware, kowa ya kama gabansa. Na maimaita: sauri, su gitta, jinkiri, su ware.

Na taɓa zama da wani dattijo a Ingila mai adana irin waɗannan. Ya buɗe mini akwatin katako, cikinsa shimfiɗe da koren ƙyalle da asu ya ɗan taɓa. Ga bindiga a kwance, a wani ɗan gurbi kuma ga mazubin da ake narka dalma a zuba, da ma'aunin albarushi, da ɗan abin ɗora hula. Ya ɗaga mazubin ya ce mini shi ne rabin bindigar. Na gane nufinsa. Mazubin nan shi ke riƙe da siffa da nauyin ƙwayar da maƙeri ya yi aiki da ita sama da shekara ɗari da hamsin da suka wuce. In ya ɓace, sai mutum ya koma lalube.

Ga ni na shiga na uku ban sanar ba. Kamfanoni irin su Eley na Landan da Gévelot na Paris da suke yin harsashin nan sun daɗe da barinsa. Masu sha'awa su ke sa a feƙe musu kwanson tagulla mai ramin tsinke, su riƙa cikawa suna gwadawa, suna rubuta inda kowane harbi ya sauka. A ganina aikinsu ya fi kama da na mai binciken tarihi: suna neman abin da wani maƙeri da ya daɗe da mutuwa ya sani, bindigar ce kuma ke ba su amsa a jikin allo. Af, lambar da kuke ji, wai mai lamba 12, ma'anarta dunƙulen dalma goma sha biyu masu faɗin bututun su ke cika laba ɗaya. Lamba na raguwa, baki na ƙara faɗi.

Na huɗu... Na'am, Baba? A miƙa masa lasifika.

Wani dattijo maharbi: Malam, to me zai hana a zuba mata albarushin zamani, tunda ya fi ƙarfi kuma ba ya hayaƙi?

Allah ya ƙara girma, Baba, kun taɓo abin da ya fi doka muhimmanci. Kada a kuskura. Albarushi marar hayaƙi irin na zamani sai 1884 Paul Vieille ya samar da shi a Faransa, bayan an gama yayin waɗannan bindigogi. Baƙin albarushi aka ƙera su dominsa, na zamani kuwa matsinsa daban ne. Kuma yawancin bututunsu ba curin ƙarfe guda aka huda ba. Zirin ƙarfe mai taushi da mai tauri ake murɗawa a naɗe a jikin sanda, a yi ta duka a wuta har su haɗe. Shi ne zanen nan mai kyau kamar igiyar ruwa da kuke gani a hoto. Kowane layi mahaɗa ce, tsatsa kuma tana shiga mahaɗa ta ci ta ciki, waje na ƙyalli. Hannun hagu kuwa a daidai nan yake riƙe. Shi ya sa Birmingham ta Ingila ke da gidan gwajin bindiga tun 1813, Liège ta Beljiyam ma na da nata, ana gwadawa a buga hatimi. Amma hatimin jiya ba ya shaidar lafiyar yau, dole ƙwararre ya sake dubawa.

Doka a taƙaice: a Ingila ana iya ajiye mai tsinke a matsayin kayan tarihi, amma ranar da ka yi niyyar harbawa sai da lasisi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko haɗa harsashi ba da izini ba, tsufan bindiga kuma ba uzuri ba ne.

Abin da ya haɗa ku da dattijon can na Ingila, Baba, shi ne wanki. Tokar baƙin albarushi na jan danshi, in ta kwana a bututu ta fara ci. Shi da ruwan zafi yake wankewa a ranar, ya busar, ya shafa mai. Ku da me kuke wanke taku? Ku riƙe lasifikar, ga ladan ya fara gyaran murya amma muna da minti biyu.