Bitamin E da Tsufan Fata: Laccar da Aka Gabatar a Taron Mata a Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan uwana, sannunku da zuwa. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Wacce ta taɓa barin man gyaɗa a buɗe cikin rana ta san yadda warinsa yake juyawa. Iska ce da haske suka ɓata shi. Abin da ke faruwa da fatarmu ke nan, domin kowace ƙwayar halitta a jikinmu lulluɓe take da tantani mai maiƙo. Idan hasken rana mai ƙarfi ya doki fata, sai wasu ɓarbashin oksijin masu ɓarna su taso. Ɗaya ya ɓata maiƙon da ke kusa da shi, wannan ya ɓata na gaba, haka abin yake ci kamar wutar daji. Ɓarbashin nan kuma su ne ke tayar da wasu sinadarai masu tsinka kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya a miƙe. Zare ya tsinke, tamoji ya fito.

To ina bitamin E? Yana narkewa a mai, saboda haka a cikin tantanin nan yake zaune. Shi ne ke tare ɓarnar, ya katse ta kafin ta yaɗu. Idan ya tare sau ɗaya ƙarfinsa ya ƙare, sai bitamin C, wanda ke cikin lemo da gwaiba, ya farfaɗo da shi ya koma aiki. Wannan taimakekeniya tana burge ni ƙwarai. Maiƙon fuskar nan da wasunmu ke ƙyama, shi ne ke fito da bitamin E saman fata, rana kuma tana cinye shi.

Tun 1922 wasu masana, Herbert Evans da Katharine Bishop, suka gano bitamin E a Kalifoniya. Babban mutum na bukatar kimanin miligiram 15 a rana, kuma yana nan cikin gyaɗa, man gyaɗa, manja da ganyayen miya.

Yanzu maganar da ta kawo ni. Ina ganin 'yan mata suna sayen kafson bitamin E a kemis, su fasa su shafa a fuska. Ƙannena, bitamin E mai gadi ne, ba ya ɗinke zaren da ya riga ya tsinke. Wasu ma ƙuraje da ƙaiƙayi yake jawo musu. Shan sa da yawa kuma yana rage daskarewar jini, don haka mai shan wafarin, wato maganin hana jini daskarewa, kada ta taɓa shi sai da izinin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne man bilicin. Baƙin fatarmu laima ce da Allah Ya ba mu. Ki kankare ta, ki shiga ranar watan Maris a Kasuwar Bacci, babu kafson da zai tare miki wannan ɓarna.

Hajiya ta tambaya game da man kaɗe. E, akwai bitamin E a ciki, kuma da hunturu yana hana fata bushewa da tsagewa. Ki shafa bayan wanka, jiki da ɗan danshi. Amma ba ya tare rana, sai a haɗa da inuwa, da mayafi, da man kariya daga rana ga mai hali.