Jawabin maraba a zaman auna manufofin 'yan takara kan muhalli

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu kuma shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. 'Yan takara da wakilansu. Iyayenmu maza da mata, malamai, 'yan jarida, matasa da duk wanda Allah ya nufa da halarta, a madadin kwamitin shirya wannan taro ina yi muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Mun san ba daga kusa ka taso ba, mun kuma san a lokacin yaƙin neman zaɓe dattawa irinka kame bakinsu suke yi don kada a jingina su da wani ɓangare. Duk da haka ka amsa kiranmu, Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa muka nace sai kai shi ne, ka ƙarar da ƙuruciyarka tsakanin gandun daji da ofis. Ka san hanyar da takarda take bi ta zama aiki, ka san durowar da take shiga ta kwanta har ƙura ta rufe ta. Kuma ba ka riƙe da katin kowace jam'iyya.

Bari in gaya maka abin da muka yi kafin zuwanka. Matasan kwamitinmu sun tattaro kundin manufofin kowane ɗan takara, suka baje su a kan teburi ɗaya, kowa da jan bironsa, suna neman inda aka ambaci ruwa, iska, daji, shara da ambaliya. Da farko sun rasa bambanci, domin kalmomin kusan iri ɗaya ne: za mu dasa bishiyoyi, za mu kwashe shara, za mu kawo wuta mai aiki da hasken rana. Sai wata ɗaliba ta ja layi a ƙarƙashin "za mu dasa bishiyoyi", ta rubuta a gefen shafin: wa zai ba su ruwa? Wannan tambaya ita ta buɗe mana ido.

Kai ka fi mu sanin amsarta. Dashe ba ya mutuwa ranar bikin dasa shi. Yana mutuwa ne a ranin farko, lokacin da manyan baƙi suka watse, shingen da aka kewaye shi da shi ya faɗi, akuya ta cinye tohon, babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta fara gangamin dasa bishiyoyi da matan karkara a 1977 ta kuma karɓi lambar yabo ta Nobel a 2004, ta gane haka tun da wuri: ɗan ladan da ake ba matan, a kan dashen da ya rayu ake biyansa. Da wannan ma'aunin muke so a auna 'yan takararmu yau. Wanda ya ce zai dasa miliyan, ya faɗa mana nawa za a ƙirga da rai bayan shekara uku, kuma wa zai ƙirga.

Akwai masu ce mana maganar muhalli ba ta ranar zaɓe ba ce, wai duk wanda ya hau, damina da rani suna nan yadda suke. Ba mu yarda ba, kuma hujjarmu a fili take. A ƙasar Brazil, hukumar binciken sararin samaniyarsu tana auna dajin Amazon da tauraron ɗan'adam kowace shekara. A 2021, zamanin shugaba Jair Bolsonaro, dajin da aka sare ya haura murabba'in kilomita 13,000. Aka yi zaɓe a 2022, Lula da Silva ya karɓi mulki a Janairun 2023, ya maido da Marina Silva ma'aikatar muhalli, aka tsananta sintiri da tara. Zuwa 2024 adadin ya sauko zuwa kimanin 6,500. Dajin ɗaya ne, masu sarar su ne dai, wanda ke kan kujera ne ya canja. A Amurka ma, yarjejeniyar birnin Paris ta 2015 kan ɗumamar yanayi, Donald Trump ya fitar da ƙasar daga cikinta, Joe Biden ya sa hannu ta koma a ranarsa ta farko a ofis a 2021, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannu ta fita. Ƙuri'a ce ta yi duk wannan.

Sai dai, ranka ya daɗe, ba ma so a ɗauka wanda ya fi kowa zafin baki a kan muhalli shi ne gwaninmu. Manufa tana da tsada, kuma tsadar a kan wani take sauka. A 2018 gwamnatin Faransa ta yi niyyar ƙara harajin man fetur da sunan rage hayaƙi, masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune nesa da birane suka cika tituna sanye da riguna masu ruwan ɗorawa, har aka janye ƙarin. Niyyar ba ta da aibi, an dai manta da wanda zai ɗauki nauyin. Shi ya sa in ɗan takara ya ce zai hana sare itace, muna so mu ji da me uwar gida za ta hura wuta, kuma mai sana'ar itacen ina zai nufa. In ya ce zai rushe gine-ginen da suka toshe magudanar ruwa, ya faɗa mana ko har da na masu ƙarfi. Ni a wajena, wanda ya fito ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin wa'adi ɗaya, ga rabin da zan iya, ga inda kuɗin zai fito, ya fi wanda ya yi alkawarin komai daraja.

Abin da ya rage shi ne tarihi. Da yawa daga cikin masu neman ƙuri'armu sun taɓa riƙe muƙami, Juma'ar da za ta yi kyau kuwa tun daga Laraba ake gane ta. Za mu tambayi kowannensu abin da ya yi da kasafin muhalli lokacin da alƙalami yake hannunsa. Tambayar ba ta cin mutunci ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska tana ajalin kusan mutum miliyan 7 a shekara, don haka rayuka muke magana a kai.

'Yan takara, mun gode da kuka zo da kanku. Lokaci ɗaya za a ba kowa, tambaya ɗaya za a yi wa kowa, kuma za a rubuta amsoshinku yadda kuka faɗa, a raba wa jama'a kafin ranar zaɓe.

Ranka ya daɗe, roƙonmu gare ka shi ne, in aka kewaye tambaya ka maimaita ta, in aka kawo lissafin da ka san bai tsaya ba ka nemi ƙarin bayani, ko daga bakin wa ya fito. Ga kujerarka nan a tsakiya, ga kundayen a gabanka, na saman shi ne wanda ɗalibar nan ta yi rubutu a gefensa. Muna so ita ta fara tambaya, in ka ba da izini.

Bismillah, ranka ya daɗe. Allah ya sa mu tashi lafiya.