Katin bashi marar iyaka, wai da gaske babu iyakar?

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye, barkanmu da war haka. Yau magana ce kan wani katin bashi da ake cewa wai ba shi da iyaka, kashe yadda kake so. Masu yara can Amurka suna karatu, da 'yan kasuwa masu oda daga waje, ku matso kusa, don ku maganar ga ta fi shafa.

Katin bashi na gama-gari banki ke yanka maka iyaka, a ce dala 5,000, ka kai nan kati ya tsaya cak. Shi ko wanga yana iya barinka ka wuce. Amma fa iyakar tana nan, ɓoye ta anka yi. Awa mai shagon unguwa ne da littafin bashinai, bai taɓa ce maka ga inda za ka tsaya ba, amma ya san albashinka, ya san ko kana biya ƙarshen wata ko sai an aiko yaro, ranar da ka ce a auna maka buhun shinkafa biyu nan take za ka ji inda iyakar take. Haka kwamfutar banki ke yi duk sanda ka goga katin, ta dubi kuɗɗin shigarka da yadda ka saba biya, sannan ta yarda ko ta ƙi.

Iri biyu ne. Akwai irin na American Express, su Gold da Platinum, da asalinsu duk abin da ka kashe ƙarshen wata za ka biya shi duka. Akwai kuma mai iyaka a rubuce amma a bari ka haura, to abin da ka haura da shi ba a raba maka shi kaɗan-kaɗan, in iyakarka 5,000 ce ka kashe 6,000, dubu ɗayan nan sai ka aje ta cif a wannan watan.

To mi ya haɗa shi da makin bashi, wato kiredit sko? A Amurka wanga maki da ke nuna yadda kake da bashi, wanda ake kira FICO, daga 300 yake zuwa 850, kuma da shi ake duba ka in za ka kama hayar gida ko ka ɗauki mota. Kashi 35 cikin ɗari na makin biya kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan bashin da ke kanka, musamman in an gwada shi da iyakar katinka. Shi ya sa ake cewa kada ka wuce kashi 30 na iyakar. Nan fa gizo ke saƙa. Wanda ya kashe 6,000 kan iyakar 5,000, banki ya yarda mai, babu tara, amma can wajen Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke aje tarihin bashin mutane, abin da za su gani shi ne mutum ya cinye kashi 120, maki ya yi ƙasa alhali bai saɓa ko kwana ɗaya ba. In kuma bankin bai aika musu iyaka ba sam, wani lissafin sai ya ɗauki bashi mafi yawa da ka taɓa ci ya maida shi iyakarka, kenan wanda bai taɓa wuce dala 1,000 ba, ya kashe 900, sai a gan shi awa wanda bashi ya kai wa wuya. Ni dai wanga tsari bai yi min ba, mai taka tsantsan shi ke shan wuya.

Dabara ita ce ka biya kafin ranar da banki ke rufe lissafin wata, don abin da ya rage ranar shi ake aikawa. Kada kuma ka bari biya ya makara kwana 30, wanga tabo shekara 7 yake yi a takardarka.

Maganar riba kam, wato kuɗin ruwa, na san tana ran kowa. In kana biya duka kan lokaci galibi babu kuɗin ruwa, amma sharaɗin yana cikin takardar da ka sa wa hannu, wannan ka kai wa malaminka.

Kada wani ya ce ai abin Turawa ne. Nan Najeriya ma akwai kamfanonin aje tarihin bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, Babban Banki ya ba su lasisi, kuma dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Bashin da ka ci ta waya ka share, yana iya kasancewa can manne da BVN ɗinka. Ka nemi rahoton ka duba, in kuma ɗanka na da irin katin ga can waje, ka ce ya bugo wa bankin ya tambaye su wace lamba suke aikawa a matsayin iyaka.