Sharhi: Kwamfuta da Ginshiƙan Gini a Lokacin Girgizar Ƙasa

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A watan Janairun 1995, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan, ta kwantar da wani sashe na gadar sama ta Hanshin a kan gefenta. Ginshiƙanta ne suka gaza: kankare ya farfashe, rodi ya tanƙware ya fito fili. Aka sake ganin irin haka a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, inda girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta zubar da benaye hawa kan hawa, mutum sama da 50,000 suka rasu.

To, ginshiƙi iri-iri yake karyewa. Wani lanƙwasa yake yi sannu a hankali, yana tsattsagewa amma yana riƙe da nauyinsa har mutane su fice. Wani kuwa tsaga ce ke ratsa shi a karkace, ya yanke farat ɗaya. Sau da yawa bambancin yana ga zobban ƙarfen da ke ɗaure rodi: yawansu, tazarar da ke tsakaninsu, da yadda aka lanƙwasa bakinsu.

A nan masu bincike suka shigo da kwamfuta mai koyo daga misalai. Cibiyar PEER mai binciken yadda gine-gine ke jure girgizar ƙasa, da ke Jami'ar Kalifoniya, ta adana sakamakon ɗaruruwan ginshiƙai da aka yi ta turawa gaba da baya a ɗakin gwaji har suka karye. Ana ɗura wa na'urar tsayin kowanne, da kaurinsa, da ƙarfin kankarensa, da nauyin da ya ɗauka, a kuma gaya mata yadda ya ƙare. Idan aka kawo mata sabon ginshiƙi, sai ta yi hasashen irin karyewar da zai yi, cikin ƙiftawar ido. Ga birni mai dubban tsofaffin gine-gine, wannan zai nuna wa hukuma makarantar ko asibitin da za ta fara ƙarfafawa.

Sai dai fa ginshiƙin ɗakin gwaji ɗan gata ne. An auna simintinsa, rodinsa bai yi tsatsa ba, babu ɗan kwangilar da ya rage masa zobba. A bayan girgizar Turkiyya, injiniyoyi sun tarar da zobban da aka lanƙwasa bakinsu digiri 90 maimakon 135, waɗanda suka buɗe da zarar kankaren waje ya ɓare. Zanen gini ba ya nuna wannan. Dole injiniya ya je da na'urar gano rodi, ya huda ginshiƙin ya ciro ɗan guntun kankare a gwada, kafin a ba kwamfutar lissafin da za ta yi aiki da shi.